Tsibirin Yashi a Bayan Tamburawa

Sana'ata gyaran lasifika,
shekara goma sha tara a bakin Bata,
inda ƙarar gari ke haɗuwa ta hayayyafa.
Duk wanda ya kawo tasa, magana ɗaya ce:
"Malam, a ƙara mata murya."
Ba a taɓa samun wanda ya ce in rage ba.

Ran Laraba da hantsi na sauka daga benci,
na ce wa yarona Sadisu:
in an zo nema, na tafi dubiya.
Ban yi ƙarya ba.
Kunnena na hagu ne ba lafiya,
gyare ke kuka a ciki ko da tsakar rana.

A-daidaita-sahu ta ajiye ni bayan gada.
Na bi sawun tifa har ya ƙare,
na bi na shanu, shi ma ya ƙare,
sai ga Barau, tsoho mai kwalekwale,
yana ɗinkin koma, zare a bakinsa.
Bai ce daga ina ba, bai ce me ya kawo ka ba.
Kuɗin fito ma da yatsu ya faɗa.

Tsibirin bai kai filin ƙwallon unguwarmu ba.
Ruwa ne ya ja da baya ya manta shi:
farin yashi, jema tsilli-tsilli,
giyayya guda ta karkace kamar mai sauraro.
Na tuɓe takalmi.
Yashin ya bi tsakanin yatsuna
kamar gero a hannun ma'auni.
Waya ta nemi sabis, ta nema, ta haƙura.

Da farko tsoro na ji.
Kunnena ya yi ta lalube,
ina janareto, ina ham, ina mai tallan magani?
Babu.
Shirun ya tsaya a kaina kamar mai bin bashi.

Can sai abubuwa suka fara fitowa ɗaya-ɗaya.
Ruwa na lasar gaɓa, lap, ya koma.
Zalɓe ya ɗaga ƙafa, na ji ɗigon da ya bar ta.
Karfasa ta juya a cikin ciyawa.
Cikina ya yi ƙugi, na yi dariya,
dariyar ta ba ni kunya don girmanta.

Sai na tuna Baffa, Allah Ya jiƙansa,
wanda bai taɓa ɗaga murya ba,
sai ka sunkuya kafin ka ji shi,
shi ya sa har yau ban manta ko kalma guda ba.

Ni da na ɗaura wa masallatai arba'in amsa-kuwwa,
ranar ba ladan.
Kara na kafa a yashi na auna inuwa,
na yi alwala da kogi gaba ɗayansa,
goshina ya tashi da tsakuwa ƙanana.

Ba zan ɓoye ba, Kano ta riga ni zuwa:
ga silifa wari ɗaya, ga ledar ruwa a saƙale.
Na tsince su, na cusa a aljihu.

Da yamma Barau ya dawo, sai ya yi magana:
"Kalle shi da kyau, baƙo ne.
In damina ba ta haɗiye shi ba, tifa za ta kwashe.
Rabin benayenku daga nan aka ɗebo su."

Yanzu ga ni a shago, Sadisu na gwajin makirfo,
ɗaya biyu, ɗaya biyu.
Yashin da ya biyo takalmina
yana cikin gwangwanin madara kusa da dalma.
In dare ya raba, aka ɗauke wuta,
nakan jingina kunnen dama da bangon ɗakina.
Uwale ta ce me nake nema a jikin siminti?
Na ce ki yi shiru tukuna,
akwai kogi a ciki.